Ƙofar Inna da Indararon Mai Bene

Gidanmu ɗan ƙarami ne, amma ƙofofinsa uku, kuma duk suna kallon layi. Ta farko ta shagona ce, inda nake gyaran kujerun kushin, in feɗe tsohuwar kujera in sa mata sabon soso da sabon yadi. Ta biyu ita matata da yara ke bi su shiga gida. Ta uku kuwa ta Inna ce, mahaifiyata. Ni na fasa bangon ɗakinta na sa ƙofar, shekarar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Kullum da safe sai mu ɗora ta a kujerar da na ƙera mata, mai taya da wurin miƙe ƙafa, mu tura ta bakin ƙofar nan. Daga nan take mulkin layinmu. Ba mai wucewa bai gaishe ta ba, ba kuma wanda zai gaishe ta ya tafi ba ta yaɓa masa magana ba. Ta san wanda ya yi sabon takalmi, ta san wanda ya kwana da faɗa a gidansa tun daga yadda ya jawo ƙyaurensa. Likitanta ya taɓa ce mini ƙofar nan ta fi duk ƙwayoyin da yake rubuta mata aiki.

Layinmu ba shi da aibu sai ɗaya, ba mu da lambatu. Da an yi ruwa sai titi ya zama kogi, mai aski ya kwashe kayansa ya ɗora kan kanta, bencinan mai abinci su kama hanya su tafi yawo. Da muka dami hukuma da koke, sai aka ce za a gina mana, amma sai mutanen layi sun kawo nasu kason tukuna.

Aka yi taro a gaban kemis, domin mai kemis shi ne shugaban layi. Mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, sai dai yana son lissafi mai sauƙi.

Ya ce, "Jama'a, kada mu wahalar da kanmu. Duk ƙofar da ke kallon layi, kaso ɗaya. Babba da yaro, mai kuɗi da talaka, kowa daidai. Akwai adalcin da ya wuce wannan?"

Muka tafa. Ni ma na tafa, har na fi kowa, don kalmar "daidai" tana da daɗi a kunne. Sai da na dawo gida ina ba Inna labari ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ka fi kowa tafi, ƙofofinka nawa?"

Na ce, "Uku."

"Shi kuma Ɗan Lukuti nawa?"

Ɗan Lukuti shi ne wanda duk duniya ke kira Mai Bene, Inna ce kaɗai ba ta sake masa suna ba tun yana yawo ba wando. A layin nan aka haife shi, ya fita neman arziki ya samo, ya dawo ya saye gidaje shida ya rushe ya tayar da bene. Gidansa ya cinye kusan rabin layin. Ƙofarsa kuwa ɗaya ce tal, wani ƙaton get mai ruwan zinariya. Ke nan ni zan biya kaso uku, shi ya biya ɗaya.

Kafin mako ya zagayo, layinmu ya koma wurin gini. Mai aski yana da ƙofa biyu, ya kira magini ya toshe ɗaya, shagon ya yi duhu har ya fara yi wa mutane gyaran fuska da tocila. Tela ya gina rabin tasa daga ƙasa ya rantse cewa taga ce, alhali ta nan yake tsallakawa ya shiga. Ni ma na zauna na yi ta juya abin. Kaso uku ya fi ƙarfina, biyu ma sai na ɗaure ciki. Shago ba ya toshuwa, da shi muke ci. Ƙofar gida ba ta toshuwa, don shagon ba shi da hanya ta ciki, ɗakin Inna kuma gado ya cinye shi, ba ya ratsuwa. Saura ɗaya ke nan. Na sayo bulo na jibge a gefen ƙofar Inna, na kasa haɗa ido da ita.

Za ka ce me ya hana ni tashi in ce ba a yi adalci ba? To, bakin da ke ci a hannun mutum nauyi gare shi. Mai Bene shi ne babban mai ba ni aiki. Falo huɗu gare shi, kuma matarsa ba ta iya kallon launi ɗaya ya wuce shekara. Idan ya aiko da kujeru, ni na ci, mai yadi ya ci, mai soso ya ci, kafintan da ke gyara mini katako ya ci. Ni kuma in je in yi aski, in biya tela ɗinkin yara, matata ta yi cefane mai nama. Direbobinsa da masu gadinsa a wurin mai abinci suke cika ciki. In ya yi atishawa, rabin layi sai ya kama mura. Gaba kura, baya sayaki.

Ana cikin haka aka yi wani ruwa da hantsi. Na zo in jawo Inna ciki ta ce in bar ta. Ta zuba wa benen ido. Indararo ne jere a jikinsa gaba da gefe, kowanne yana aman ruwa cikin layi, namu kuwa ƙwaya ɗaya yana ɗan tsiyaya abin tausayi.

Ta ce, "Kai, zo nan. Lambatun nan don me za a gina shi?"

"Don ruwa, Inna."

"To, ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ruwan sama ya fito ta ƙofa ba. Ta indararo yake zubowa. In haraji ne na ruwa, a ƙirga inda ruwa ke fitowa mana. Je ka gaya musu."

"Inna, kin san wanda maganar nan za ta taɓa."

"Na sani. Na share masa majina, ba zan sani ba?"

Matata tana tsaye da tsintsiya tana jin mu. Ta ce, "Baban yara, abu biyu ne a gabanka, ko bulo ko baki. Ka zaɓi wanda za ka yi aiki da shi."

A taro na gaba Mai Bene ya zo da kansa, aka kawo masa kujera daga gida, wadda ni na yi mata yadi. Na miƙe na faɗi maganar Inna yadda ta faɗe ta, ban ƙara gishiri ba. Aka fashe da dariya da sowa. Mai aski ya yi tsalle yana cewa, "Wallahi haka ne! Kaico, ƙofata!"

Mai Bene bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya ce, "Mai Kushin, da kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba da kai nake ba, da ruwa nake."

Ya juya ga jama'a. "Ku ji ni da kyau. Ni harajina kullum nake biya. Wa ke ba wannan aiki? Wa ke sayen magani a kemis kwali-kwali? Yarana nawa ke cin abinci a layin nan? Kuɗin da nake kashewa shi ne ke zagayawa a aljihunku. In kun matsa wa saniya, nonon ma sai ku rasa."

Gaskiya maganar ta shige ni, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma mai abinci, mace ce da ba ta da birki a baki, ta tashi ta gyara ɗaurin zani.

"Yallaɓai, Allah ya ƙara arziki, ba mu raina ba. Amma kuɗin da yaranka ke ba ni, abinci nake zuba musu, har da ƙarin miya. Wanda kake ba Mai Kushin, kujera yake ba ka ka zauna. Wannan ai ciniki ne, ka ba mu mun ba ka. Ruwan rufinka da ke tafiya da bencinana fa, wa ya saya?"

Aka sake kwashewa da dariya. Shugaba ya ce a ɗaga hannu, aka ɗaga, indararo ya ci. Mai Bene ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce, "To, madalla. Ma gani." Yaransa suka ɗauki kujerar suka bi shi.

Mun kuwa gani. Watan ya zo daidai lokacin da ake aiko mini da kujerun babban falo, sai na ga wata doguwar mota ta tsaya a get ana sauke sababbi fil a cikin leda, an ce daga ƙasar waje. Aka hana direbobi cin abinci a layi. Magani ma daga cikin gari ake sayo masa. Ni na rasa aiki, na daina zuwa wurin mai yadi, mai yadi ya sallami mai taya shi. Na bar gashina ya yi tsiri, mai aski ya zauna yana korar ƙuda. Mai abinci ta koma ƙaramar tukunya. Wasu da suka fi kowa ɗaga hannu a taro suka fara wuce shagona ba sallama.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wata safiya sai ga masu aikin famfo daga wani wuri da tsani da tulin bututu. Suka hau benen suka yi ta ƙwanƙwasa, suka toshe wannan suka karkata wancan, suka haɗe duk indararon gidan suka zuba su cikin bututu ɗaya da ya sauko ta gefen get. Har fenti aka yi masa mai ruwan zinariya.

Shugaba ya zo ƙirga, ya zagaya gidan, ya dawo yana sosa ƙeya. "Ɗaya ne," in ji shi. "Doka ce, mu muka yi ta."

Kuɗi suka ƙi cika, ko kusa. Hukuma ta aiko cewa in ba mu shirya ba za a kai aikin wani layi. Shugaba ya same ni a shago, da kunya a fuskarsa, ya ce in wata ya ƙare ba a samu mafita ba, dole a koma lissafin ƙofa.

Ranar na ji haushi iya haushi. Na ji haushin Mai Bene, na ji haushin bakina, har Inna sai da na ji haushinta, Allah ya yafe mini. Garin neman ƙiba na samo rama, ga aiki ya tafi, ga ƙofar ma za ta tafi. Da yamma na zo shigar da ita na tarar ta ɗora kofin shayinta a kan bulon nan, tana shafa na saman da tafin hannu.

Ta ce, "In za ka toshe, ba komai, ka toshe. Ka dai bar mini 'yar kafa daidai idona, in riƙa ganin ƙafafun mutane. Ai na san kowa da takalminsa."

Na shiga shago na zauna a kan wata kujerar da ba ta da soso, na yi kukana na share.

Saura kwana kaɗan wata ya ƙare, da azahar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Aka tsuge da ruwa irin wanda ba ka ganin gidan da ke gabanka. Inna tana bakin ƙofa na lulluɓe mata ƙafa da leda. Da ruwan ya ɗan tsagaita sai ta ce, "Kai, dubi bututun Ɗan Lukuti. Ko ɗigo."

Na duba, haka ne. Ruwan da indararo da yawa ke rabawa an ce bututu ɗaya ya shanye, ga ganye da ledoji sun cushe masa wuya. Ruwa ya taru a saman bene ya rasa hanya, shi kuwa ba a yi masa wayo. Ya bi matakala ya sauka falo na sama, ya gaishe da na ƙasa. Can sai muka ji ihu, mai gadi ya wangale get. Ruwa ya yo waje da gudu, ɗauke da silifas, da kwandon shara, da wani matashin kujera ja yana juyi a kai.

Inna ta yi dariya har kujerarta tana girgiza, hawaye na zuba. "Na janye maganata!" take cewa. "Jama'a ku shaida, na janye! Yau na ga ruwan sama ya fito ta ƙofa!"

Duk da haka ba wanda ya tsaya kallo. Maƙwabci maƙwabci ne. Mai aski ya fito da bokiti, tela da tsintsiya, mai abinci da babbar tukunyar da ta yi ritaya. Na naɗe wando na bi su. Wasu suka hau sama suka fasa bututun, mu kuma muka yi ta kwarfar ruwa muna fito da kujeru tsakar gida. Sababbin nan na ƙasar waje sun sha sun ƙoshi, mutum huɗu da ƙyar suke ɗaga ɗaya. Mai Bene yana tsaye a matakala da rigar shan iska, yana kallon mutanen da ya yi wa yaji suna tsamo masa dardumarsa. Mai abinci ta wuce shi da tukunya a ka ta ce, "Sannu, yallaɓai. Wannan ba ciniki ba ne, kyauta ne."

Washegari da safe ina share shago sai ga shi a ƙafa, ba direba, ba mai riƙe masa waya. Ya wuce ni ya tsaya gaban Inna, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau, Ɗan Lukuti. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Inna."

"Ya yi kuwa. Zauna mana."

Ya duba bai ga kujera ba, sai ya zauna a kan bulon. Ya tambaya na mene ne, ta ce, "Na toshe ƙofata ne. Ni mai ƙofa uku ce, attajira, ba irinku masu ɗaya ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta bar shi ya ɗan dahu, sannan ta ce, "Ka tuna wa ke goya ka ya tsallakar da kai ruwan layin nan in za ka makaranta? Ga ka da nauyi kamar buhun siminti. 'Ya'yana biyu nake riƙewa a hannu, kai a baya. Ban taɓa cewa a raba nauyin daidai ba, wanda ya fi ƙarfi shi ke ɗaukar babba."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Inna, abin da na biya masu bututun nan ya fi harajin."

"Na sani. Daga nan na ƙirga bututun."

Ya juyo gare ni. "Mai Kushin, kujerun nan za su tashi?"

Na ce, "Za su tashi, ranka ya daɗe, amma sai an feɗe su duka."

"To ka feɗe. Ka kuma kira mini Shugaba ya zo ya ƙirga indararo, na asali, har da waɗanda ke bayan benen, da bai gani ba."

Da na zo yanka masa kuɗin aiki na ɗan ɗora wani abu a kai, ladan haushi. Ya gane, ya harare ni, ya biya.

Daga nan layi ya tashi. Na ɗauko mutum biyu suna taya ni, mai yadi ya dawo da wanda ya sallama. Amma abin da ya fi ba ni mamaki aikin lambatun ne. Da aka fara haƙa, leburori da magina suka cika layi, kuma su ba sa aika kuɗinsu ƙasar waje. A nan suke ci, a nan suke aski, a nan tela ke yi musu facin wando. Mai abinci ta dawo da babbar tukunya har ta ƙara wata. Wani magini ya kawo mini kujerar aurensa in gyara, wani ya kawo ta babarsa. Mai aski ya sake fasa ƙofarsa, ya lissafa kuɗin toshewa da na buɗewa ya ga sun fi abin da ya gudar wa, ya yi ta zagin kansa muna taya shi. Tela kuwa har yau ta taga yake shiga, wai ya saba.

Bulon nan ban mayar ba. Na roƙi ɗaya daga cikin maginan ya jera mini su a gefen ƙofar Inna, ya shafe da siminti, suka zama dakali. Na yi masa 'yar katifa da ragowar jan yadin Mai Bene. Yanzu duk wanda ya zo gaishe ta sai ya zauna, wanda ya zauna kuma sai ya ji abin da bai so ji ba game da kansa.

Ranar da aka yi ruwan farko bayan an gama aiki, kowa ya fito bakin ƙofarsa. Mai Bene ya taho da lema ya zauna a dakalin. Indararonsa duk suna zuba, namu ƙwaya ɗaya ma yana ƙoƙarinsa, ruwan ya haɗu a lambatu yana gudu abinsa, titi kuwa ga shi nan a fili. Bencinan mai abinci ko motsi ba su yi ba.

Inna ta leƙa, ta leƙa, ta ce, "Kai, wannan wane irin tsaro ne? Turo ni gaba, ba na gani."

"Inna, za ki jiƙe."

"Ruwan da na biya wa haraji? Turo ni."

Na kama kujerar ta dama, Mai Bene ya ajiye lemarsa ya kama ta hagu, muka fito da ita har bakin lambatu. Ruwan indararonmu ya fantsamo mata a yatsun ƙafa. Ta ɗan motsa su, ta ce akwai sanyi, kada wanda ya kuskura ya mayar da ita ciki.